Tulu Ba Ya Amsa Wani Suna: Nazarin Shari'ar Farfetuwa a Kartaj

Ɗan tulu ne a ajiye a ƙasa, irin na zuba ruwa, ba wani abin a zo a gani ba. Shi Farfetuwa ta nuna wa mahaifinta ranar da ya zo lallashinta, kwanaki kaɗan da kama ta. Ta ce, "Baba, ka ga wannan tulun?" Ya ce ya gani. Ta ce, "Za a iya kiransa da wani suna ban da abin da yake?" Ya ce a'a. Ta ce, "To, ni ma haka ne. Ba zan iya kiran kaina da wani suna ba sai abin da nake. Ni Kirista ce." Jin wannan kalma ya sa dattijon ya hasala, ya yi kanta kamar zai ƙwaƙule mata idanu. Bai kai ga haka ba. Ya gama faɗansa ya fita.

Lamarin ya faru ne a lardin Afirka na daular Roma, ya kuma ƙare a filin wasa na Kartaj ranar 7 ga Maris, shekarar 203. Kufan birnin na nan har yau a gefen Tunis, babban birnin Tunisiya. Farfetuwa tana da shekara kusan 22, 'yar babban gida ce, ta yi karatu, matar aure ce, tana kuma goyon ɗa namiji da ba a yaye ba. An kama ta tare da mutum huɗu: Rebokatus da Filisita, waɗanda bayi ne, sai Saturninus da Sekundulus. Dukkansu 'yan ajin baftisma ne, ko baftismar ma ba a kai ga yi musu ba. Malaminsu Saturus ba ya nan lokacin kamen. Da ya ji labari sai ya kai kansa, domin shi ya gina su a cikin bangaskiya.

Na zaɓi wannan lamari ne saboda abu ɗaya. Yawancin waɗanda suka sha tsanani domin Almasihu, wasu ne suka ba da labarinsu bayan sun tafi, kuma mai ba da labarin jarumi yakan share masa hawaye kafin ya fito da shi gaban jama'a. Ita kuwa da hannunta ta rubuta abin da ya same ta, har zuwa jajibirin mutuwarta, kuma rubutun nan yana cikin mafi daɗewa da wata mace Kirista ta bari a duniya. Tsoronta yana ciki, ciwon zuciyarta ma yana ciki.

Laifin da ake tuhumarsu da shi

Ba wanda ya ce sun yi sata ko kisa ko tawaye. Sunan da suke amsawa shi ne laifin. Wajen shekarar 112, Filini, gwamnan Bitiniya a ƙasar da yanzu ake kira Turkiyya, ya rubuta wa Sarki Tirajan yana neman shawara kan Kiristoci. Ya bayyana yadda yake yi da su: yakan tambayi mutum har sau uku ko shi Kirista ne, yana haɗawa da barazana, in ya kafe sai a tafi da shi a kashe. Ya ce ko mene ne abin da suka gaskata, taurin kan nan nasu kaɗai ya isa a hukunta su. Tirajan ya amsa cewa kada a bi su ana farauta, kada kuma a saurari takardar ƙara marar suna. Amma in an kawo ƙara aka tabbatar, a yi hukunci. Wanda kuwa ya musanta, ya nuna hakan ta yin sujada ga allolin Roma, a sake shi komai zargin da ke kansa a baya.

A dubi wannan da kyau. Ɓarawo ba ya kuɓuta don ya ce ya daina sata. Kirista kuwa ƙofa a buɗe take gare shi har daƙiƙar ƙarshe: ɗan turare a kan wuta, ɗan ruwan inabi gaban siffar sarki, shi ke nan ya koma gida wurin iyalinsa. Abin da hukuma ke nema shi ne ya ce "a'a" ga sunan, jininsa kuwa sai in ya ƙi.

Romawa sun ɗauka cewa lafiyar ƙasa ta rataya ne ga jituwa tsakaninta da allolinta. Wanda ya ƙi yin hadaya, a ganinsu ya jawo wa kowa fushin sama. Har "marasa allah" ake kiran Kiristoci, tunda ba su da gunki ba su da haikali. Tartuliyan, marubuci Kirista da ke zaune a Kartaj a daidai wannan zamani, ya rubuta wajen 197 cewa in kogin Tiba ya yi ambaliya, in kogin Nilu ya ƙi cika, in fari ya zo ko girgizar ƙasa ko yunwa ko annoba, nan take sai ka ji ihu: a jefa wa zaki Kiristoci. Birnin ma ya riga ya ga jini, domin ranar 17 ga Yuli, 180, an fille kan wasu masu bi a can saboda wannan suna. Duk wanda ya shiga ajin baftisma shekara ashirin bayan haka ya san abin da ya shiga.

Uba

In aka ambaci tsanani, hankali yakan tafi ga takobi da namun daji. A rubutun Farfetuwa kuwa, wanda ya fi kowa bayyana shi ne mahaifinta. Sau huɗu ya zo mata, kowane zuwa ya fi na baya ciwo.

Zuwan farko shi ne na tulu, da fushi ya zo. Ba ta ɓoye ba cewa da ya yi 'yan kwanaki bai dawo ba, ta gode wa Ubangiji, ta samu sararin numfashi. A cikin kwanakin nan aka yi musu baftisma. Ta ce abu ɗaya tak Ruhu ya nuna mata ta roƙa a wurin ruwan, shi ne jimirin jiki. Wannan addu'ar wadda ta san jikinta zai iya gazawa ce.

Zuwa na biyu ya bambanta. An ji jita-jitar cewa za a kai su gaban shari'a, sai ga shi a kurkuku, damuwa duk ta cinye shi. Ya ce, "'Yata, ki ji tausayin furfurata. Ki ji tausayin mahaifinki, in har na isa ki kira ni uba. Da hannuwan nan na rene ki har kika kai haka, na fifita ki a kan 'yan'uwanki maza duka. Kada ki mai da ni abin kunya a idon mutane. Ki dubi 'yan'uwanki, ki dubi mahaifiyarki da innarki, ki dubi ɗanki da ba zai rayu ba in babu ke. Ki sauke wannan girman kai, kada ki hallaka mu duka. In wani abu ya same ki, ba wanda zai ƙara buɗe baki a cikinmu." Yana magana yana sumbatar hannuwanta, ya zube a ƙafafunta yana kuka. Ta ce a ranar ya daina ce mata 'yata, sai uwargijiya.

A dokar Roma uba yana da iko mai girma ƙwarai a kan 'ya'yansa, ko sun manyanta. Dattijo irin wannan ya durƙusa wa 'yarsa a cikin kurkuku, gaban mutane, ai duniya ce ta juya masa ƙasa a sama. Kuma kusan duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Da gaske gidan zai sha kunya, da gaske maƙwabta za su fara kallonsu da wani ido, da gaske jariri yana bukatar uwarsa. Mutumin nan ba mugu ba ne. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, shi ya sa ya kasa haƙura da ita. Ni a ganina nan ne aka yi ainihin shari'ar, tun kafin a kai ga alƙali. Maƙiyi in ya ce ka bar bangaskiyarka, zuciya da kanta takan taurare. Wanda ya rene ka in ya faɗi haka yana kuka, wace amsa za ka ba shi?

Amsarta gajera ce. Ta ce, "Abin da Allah ya nufa shi zai faru a gaban alƙalin nan. Ka sani ba a hannun kanmu muke ba, a hannun Allah muke." Ya fita da baƙin ciki.

Zuwa na uku a bainar jama'a ne. Suna cikin cin abinci aka zo aka kwashe su zuwa dandalin gari, labari ya bazu, mutane suka cika maƙil. Mai shari'ar shi ne Hilariyanus, jami'in da ya riƙe kujerar gwamna bayan rasuwar gwamnan lardin. An tambayi sauran, kowa ya amsa. Da aka zo kanta sai ga mahaifinta da jaririn a hannu, ya jawo ta daga kan matakala yana cewa, "Ki yi hadayar nan, ki ji tausayin yaron." Hilariyanus ma ya sa baki: "Ki tausaya wa furfurar mahaifinki, ki tausaya wa ƙuruciyar ɗanki. Ki yi hadaya domin lafiyar sarakuna." Ta ce, "Ba zan yi ba." Ya ce, "Ke Kirista ce?" Ta ce, "Ni Kirista ce." Iyakar abin da ta faɗa ke nan a kotu. Babu wa'azi, babu zagin alloli, babu tsinuwa ga sarki.

Dattijon ya ƙi matsawa, ya ci gaba da jan ta, har Hilariyanus ya ba da umarni a ture shi, aka kuma maka masa sanda. Ta rubuta cewa ta ji zafin dukan nan kamar a jikinta ya sauka. Aka yanke musu hukuncin jefa wa namun daji, hukuncin wulaƙanci da aka fi yi wa bayi da talakawa. Da suka koma kurkuku ta aika a karɓo mata ɗanta, tunda ya saba shan nono a wurinta. Mahaifin ya hana. Ta ce cikin ikon Allah yaron ya daina neman nono, ita ma ƙirjinta bai kumbura ba. Uwa ce kaɗai za ta tuna ta rubuta wannan.

Zuwa na huɗu, ana dab da ranar wasa, ba shi da sauran hujja. Ya shigo yana fizge gemunsa yana zubarwa, ya kifa fuskarsa a ƙasa, yana tsine wa tsawon ransa. Ta ce kalmomin da ya furta za su iya girgiza dukan halitta.

Sau uku a rubutunta ta maimaita cewa ta ji masa ciwo. Gaskiya ne ta kira hujjojinsa na ranar farko dabarun Shaiɗan, amma hujjojin ta nufa, shi kansa ba ta taɓa zaginsa ba. Duk wanda ya ba da wannan labari kamar nasara ce zalla, ya tsallake tsohon da ke kwance a ƙasa, ita kuwa ba ta tsallake shi ba. Mutane da yawa sun ɗauka tsayin daka yana bukatar ka fara tsanar wanda ke gaba da kai, don abin ya zo maka da sauƙi. Ita ta ƙi wannan sauƙin. Ta ci gaba da ƙaunarsa, ta ci gaba da cewa a'a, ta ɗauki nauyin biyun tare.

Tambayar da kowa ke yi ita ce: me zai hana ta jefa turaren da hannu, zuciyarta tana wurin Almasihu, ta koma wurin ɗanta? Tambaya ce mai nauyi, ba na raina ta. Amma amsarta tana cikin tulun nan. A wurin Farfetuwa sunan ba riga ba ne da za a tuɓe a ƙofar kotu a sake sawa a gida. An koya mata maganar Yesu cewa wanda ya shaida shi a gaban mutane, shi ma zai shaida shi a gaban Ubansa, wanda kuma ya yi musun saninsa, shi ma zai yi musun saninsa. Tun da tambayar a gaban mutane aka yi ta, a gaban mutane amsar za ta fito.

Cikin duhu

Ranar da aka fara shigar da su kurkuku, ta ce tsoro ya kama ta, domin ba ta taɓa ganin duhu irin wannan ba. Zafi ya yi yawa saboda cunkoso, sojoji suna tatsar fursunoni, kuma sama da duka tunanin jaririnta yana cin ta. Wannan ita ce matar da daga baya za ta shiga fili tana rera zabura. Jarumtar ba da ita ta shiga kurkuku ba, a can ta same ta.

Kuma ba ita kaɗai ta nemo ta ba. Dikononi biyu, wato masu hidimar ikkilisiya, Tartiyus da Fomfoniyus, suka biya kuɗi aka riƙa fitar da su na 'yan sa'o'i zuwa sashen da ya fi iska. A can ta shayar da ɗanta wanda yunwa ta riga ta galabaitar, ta yi magana da mahaifiyarta, ta ƙarfafa ɗan'uwanta. Bayan kwanaki da yawa ta samu izinin yaron ya zauna da ita, tun kafin ranar shari'a. Ta ce nan take ta warware, kurkukun ya zame mata fada, har ta fi son zama a can da ko'ina. A lura da abin da ya sauya: duhun yana nan, zafin yana nan, ɗanta ne ya dawo hannunta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutanen nan biyu da suka riƙa zirga-zirga zuwa ƙofar kurkuku, suna nuna fuskarsu ga sojoji a lokacin da sunan Kirista ke kai mutum ga mutuwa, su ma suna cikin masu ƙarfin halin wannan labari.

Ta yi mafarkai, ta kuma rubuta su. A na farko ta ga tsani na tagulla ya kai har sama, siriri, mutum ɗaya kaɗai ke iya hawa a lokaci guda. An kafe takubba da masu da ƙugiyoyi a gefensa, ga wani ƙaton maciji a gindinsa. Saturus ya fara hawa, ya waiwayo ya ce yana jiranta, ta dai yi hankali da macijin. Ta ce, "Ba zai cuce ni ba, cikin sunan Yesu Almasihu," ta taka kansa kamar matakin farko. A sama ta tarar da lambu da wani makiyayi mai furfura yana tatsar tumaki, ya yi mata maraba ya ba ta ɗan cuku. Ta farka da zaƙi a baki, ta gane cewa ba saki ne ke jiransu ba. Saturus ma ya yi nasa mafarkin, wanda ke nuna mana wani abu da bai kamata a rufe ba: ya ga bishop ɗinsu da wani dattijon ikkilisiya sun raba gari, sun zo suna roƙon a sulhunta su. Wato ikkilisiyar da ta haifi waɗannan shahidai tana da nata rigingimun cikin gida.

Wani abu kuma: jimiri bai sa ta yarda da kowane wulaƙanci ba. Da aka mayar da su kurkukun soja, hafsan da ke kula da su ya tsananta musu, don an gaya masa wai za a iya fitar da su da sihiri. Farfetuwa ta dube shi ido cikin ido ta ce, me ya sa ba zai bar su su ɗan huta ba, alhali su ne manyan fursunonin Kaisar, waɗanda za su yi faɗa a ranar bikin haihuwarsa? Ashe ba darajar shi hafsan ba ce a fito da su da ƙiba? Kunya ta kama mutumin, ya sassauta, ya bari 'yan'uwa suna shigowa. Shi kuwa Fudens, sojan da ke riƙe da kurkukun, tun da farko ya fara girmama su saboda abin da ya gani a zamansu, daga baya kuma ya ba da gaskiya. Sekundulus bai kai ranar wasa ba, a kurkuku ya rasu.

Filisita tana da ciki wata takwas. Dokar Roma ta hana kashe mace mai ciki, don haka damuwarta ita ce kada a jinkirta nata hukuncin, a kashe ta daga baya ita kaɗai a cikin masu laifi. Saura kwanaki kaɗan, abokan ɗaurinta suka haɗu suka yi mata addu'a, naƙuda ta taso. Haihuwar ta zo da wuya, tana nishi, sai wani gandiroba ya ce mata: kina kuka tun yanzu, yaya za ki yi in an jefa ki ga namun da kika raina lokacin da kika ƙi yin hadaya? Ta ce, "Yanzu ni ce ke shan wahalar da nake sha. A can kuwa wani zai kasance a cikina wanda zai sha domina, tunda ni ma dominsa zan sha." Ta haifi 'ya mace, wata 'yar'uwa mai bi ta ɗauke ta ta rene ta kamar tata. Ban san wata amsa da ta fi wannan bayyana inda masu bi ke samo ƙarfinsu ba, kuma daga bakin baiwa ta fito, a tsakiyar naƙuda.

Farfetuwa ta rufe rubutunta da cewa wannan shi ne abin da ya faru har zuwa jajibirin wasa, abin da zai faru a filin kuwa, wanda ya ga dama ya rubuta. Wani mai bi ya karɓi alƙalamin.

Ranar wasa

An shirya wasan ne don bikin ranar haihuwar Geta, ɗan Sarki Saftimiyus Seberus. A bakin ƙofa aka so a sa musu tufafin bautar gumaka, maza su fito kamar firistocin Satun, mata kamar masu hidimar Seres. Farfetuwa ta ƙi kememe. Ta ce da yardarsu suka zo nan don kada a ƙwace musu 'yancinsu, sun ba da ransu ne don kada su yi irin wannan, kuma a kan haka aka yi yarjejeniya. Hafsan ya yarda, suka shiga da kayan jikinsu. Mazan uku suka yi wa Hilariyanus nuni da hannu cewa kai ka hukunta mu, Allah zai hukunta ka. Jama'a suka fusata suka sa aka yi musu bulala. Farfetuwa kuwa tana rera zabura.

An sako wa Saturninus da Rebokatus damisa, sannan beyar. Saturus an ɗaure shi da aladen daji, amma aladen ya soki wanda ya ɗaure shin, mutumin ya mutu bayan kwanaki. Beyar kuma ta ƙi fitowa daga kejinta. A ƙarshe damisa ta cije shi sau ɗaya, jini ya wanke shi, 'yan kallo suna ihun "A yi wanka lafiya!" Kafin ya faɗi ya kira Fudens, ya ce masa ya tuna da bangaskiya, kada abubuwan nan su girgiza shi, sai dai su ƙarfafa shi. Ya karɓi zoben sojan, ya tsoma a rauninsa, ya mayar masa.

Matan kuwa mahaukaciyar karsana aka tanadar musu. An tuɓe su aka sa su a raga, amma da jama'a suka ga yarinya ɗanya da maijego wadda nono ke ɗiga daga ƙirjinta, sai jikinsu ya yi sanyi, aka mayar da su aka sa musu riguna. Karsanar ta ɗaga Farfetuwa ta maka da ƙasa. Ta tashi zaune, ta ja yagaggiyar rigarta ta rufe cinyarta, ta nemi abin kama gashi ta gyara kanta, domin a wurinsu sakakken gashi alamar makoki ne, ita kuwa ba ta ɗauki ranar a ta makoki ba. Da ta hango Filisita a kwance, ta je ta miƙa mata hannu ta tashe ta, suka tsaya tare. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma a nan akwai abin da ya wuce haka: 'yar babban gida da baiwa ne a tsaye kafaɗa da kafaɗa, a gaban birnin da dukan tsarinsa ya ginu a kan cewa ba ɗaya suke ba.

An fitar da su na ɗan lokaci. Farfetuwa ta yi kamar wadda ta farka daga barci, tana tambaya yaushe za a sako musu karsanar, ba ta yarda an riga an yi ba sai da ta ga raunuka a jikinta. Ta kira ɗan'uwanta da wani ɗan ajin baftisma mai suna Rustikus, ta ce musu su tsaya da ƙarfi cikin bangaskiya, su ƙaunaci juna, kada wahalar da suka gani ta sa su tuntuɓe. Jama'a suka nemi a dawo da su tsakiyar fili a ƙarasa su a kan idonsu. Suka tashi da kansu, suka yi wa juna sumbar salama. Wanda aka ba aikin kashe Farfetuwa sabon shiga ne, takobinsa ya sami ƙashi, ta ƙwalla ƙara. Sannan ta kama hannunsa da ke rawa ta kai shi wuyanta.

Bayan haka

Ba kowane mai bi ne ya iya abin da suka yi ba, kuma tarihin Kartaj kansa ya nuna haka. A shekarar 250 Sarki Desiyus ya umarci kowa a daular ya yi hadaya ya karɓi takardar shaida, masu bi da yawa a birnin suka yi, wasu suka sayi takardar da kuɗi. Bishop Sifiriyan da kansa ya ɓuya a lokacin yana jagorantar jama'arsa da wasiƙu, ai Yesu ma ya ce in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wancan. A 251 shugabannin ikkilisiya suka taru a Kartaj suka buɗe hanyar karɓar waɗanda suka faɗi bayan tuba. Ina ganin wannan hukunci daidai ne, kuma bai rage darajar Farfetuwa da komai ba. Wadda ta rubuta cewa duhu ya tsorata ta ba za a yi amfani da sunanta a tsine wa wanda tsoro ya kayar ba. Sifiriyan ɗin da ya ɓuya a 250, shi ne aka fille wa kai a Kartaj a 258, da aka yi masa tambayar ya kuma amsa.

A 313 daular ta halatta addinin Kirista. Wajen shekara 200 bayan mutuwar Farfetuwa da abokan ɗaurinta, Agustin bishop na Hifo yana wa'azi a ranar tunawa da su, ana kuma karanta labarin a gaban jama'a kowace 7 ga Maris. A 1907 masu tonon kayan tarihi suka gano gutsattsarin wani allon dutse a kufan wata babbar majami'a a Kartaj. Da aka harhaɗa shi sai ga rubutu da Latin yana cewa a nan shahidai suke, da sunaye shida a jere: Saturus, Saturninus, Rebokatus, Sekundulus, Filisita, Farfetuwa. Sunan baiwar ne ya riga na 'yar babban gidan.